Sabon Wasan Ya Kwashe Mini Majalisa

Assalamu alaikum Malama Ameera. Don Allah ki taimake ni da shawara, ko da za ki ga abin da ya kawo ni bai kai a ɓata takarda a kansa ba. Na san masu rubuto miki maganar aure ce ke kawo su, ko ta aiki. Ni a kan wasan bidiyo nake neman rasa abokaina na shekara goma sha huɗu, kuma duk wanda na fara ba labarin sai ya yi dariya.

Shekarata ashirin da tara, ina aiki a wani ofishin zanen gine-gine, kuma har yanzu ina gidan mahaifina a Nassarawa GRA, a ɗakin da ke can baya wajen bishiyar mangwaro. Tun muna sakandare mu huɗu ne: ni da Ja'afaru da Lawan da Abdulƙadir. Kowace Asabar bayan La'asar a ɗakina ake haɗuwa, kuma a kan wasa ɗaya. Yana da sunansa na can waje, amma mu Ganuwa muke ce masa, domin yawancinsa tsare gari ake yi. Wasan dabara ne, kamar dara. Ka motsa mayaƙanka, abokin gaba ya motsa nasa, sannan a sake dawowa kanka. Babu gaggawa a cikinsa. Kana iya ajiye madannin sarrafa wasan ka tafi sallar Magariba, ka dawo ka tarar rundunarka tana tsaye tana jiranka.

Muna da ƙa'ida tun ranar farko: madanni ɗaya ne, amma ba a motsa soja sai an ji ta bakin kowa. Mun sha yin rabin sa'a muna musu a kan maharbi guda. Wanda shawararsa ta jawo aka kashe mana mutum, shi zai dafa shayin mako mai zuwa, shi ya sa Lawan ya fi kowa iya shayi a cikinmu. Ni Madaki suke kira na, saboda idan musu ya yi tsawo tawa ake bi. Ƙanwata Sauda tana ce mana majalisar dattawa marasa albashi. A haka muka gama kashi na ɗaya har zuwa na shida. Aka yi jami'a, aka yi bautar ƙasa, Ja'afaru ya yi aure ya koma Badawa, amma Asabar ba ta mutu ba.

Bana kashi na bakwai ya fito, kuma wallahi suna kawai suka bari. Babu runduna, babu jiran juna. Mutum ɗaya kake bi a baya riƙe da takobi, gudu da tsalle da kaucewa, yatsu suna ta rawa kamar mai buga takardu a bakin kotu. Idan ka tsaya tunani na daƙiƙa biyu an sare ka. Ranar da Ja'afaru ya kawo shi, ni aka fara miƙa wa madanni don girmamawa. Sau bakwai aka kashe ni a ƙofar farko. Lawan ya ce Madaki ya tsufa, a nema masa kujerar hutu da jarida. Ja'afaru ya karɓa, tashi ɗaya ya wuce ƙofar, ya ce tunda an kashe mana mutum bakwai shayin wata biyu ya hau kaina. Suka yi ta dariya. Ni ma na yi, amma ni kaɗai na san abin da na haɗiye.

Mako biyu ina zaune ina kallonsu kamar baƙo a ɗakina. Ba mai tambayar ra'ayin kowa, mai madanni ne kaɗai ke rayuwa, sauran sai ihu. A Asabar ta uku na ce ba za a ƙara kunna wannan abin a ɗakina ba. Suka ɗauka wasa nake yi, sai na zare wayar wutar da hannuna. Daga nan majalisa ta koma gidan Ja'afaru, yau mako bakwai ke nan.

Ban tsaya nan ba. Akwai zauren WhatsApp na masu wasa a Kano, mun fi mutum ɗari biyu. Na rubuta dogon bayani cewa kamfanin da ke yin wasan ya ci amanar waɗanda suka raine shi, ya sayar da mu ga yaran da ba su iya zama minti biyar wuri ɗaya ba. Na ce duk wanda ya bi sabon, dama can bai taɓa gane tsohon ba, ɗan rakiya ne. Zaure ya rabu biyu. Wasu suka ce na faɗi abin da ke ransu, wai kamar ka je wajen mai tuwon da ka saba ne ka tarar ya koma soya taliya amma allon sunan shagon bai canza ba. Wasu suka ce tsohon wasan na masu hawan jini ne, da an ci gaba da shi da tuni ya mutu. Abdulƙadir ya ce labarin sabon ya fi na kashi na biyar ma'ana, in daure in gani. Ja'afaru kuwa a gaban kowa ya rubuta cewa shi yanzu yana da mata da jaririya, ba shi da sa'a uku da zai ba yaƙi ɗaya, kuma wasu ba wasan suke kewa ba, sarautarsu suke kewa. Kowa ya san da wa yake.

Malama, mutumin nan ni na koya masa wasan. Ni na tsaya masa a bikinsa.

Akwai wani abu da ban so in saka ba, amma tunda ba sunana a takardar, ga shi. Shekara biyu da suka wuce na faɗi a babur a hanyar Haɗeja. Na warke, ina tuƙi, ina zane, kowa ya manta. Sai dai babban yatsana na hagu da manuni ba su dawo daidai ba. Suna motsi, amma a makare, kamar mai amsa kira daga nesa. A tsohon wasan wannan bai taɓa zama komai ba. A sabon kuwa, kafin yatsan ya bi umarnina an gama da ni. Ba wanda ya sani, har Sauda. Amma kada ki ce saboda haka nake magana. Ko hannuna lafiya lau yake, abin da kamfanin ya yi cin amana ne.

Jiya Ja'afaru ya turo saƙo, layi ɗaya: Asabar mai zuwa za su shiga yaƙin ƙarshe, kuma ba a taɓa gama Ganuwa ba sai da mu huɗu. Ban amsa ba. In na je, na zama ɗan kallo kuma na janye maganata. In ban je ba, na san shi ke nan. Wai ni ne da laifi don na riƙe abin da muka taso a kai?

Naki,
Madakin da aka sauke, Nassarawa GRA.

*

Wa alaikumus salam ƙanena Madaki. Ban yi dariya ba, kuma ban ga ɓata takarda ba. Shekara goma sha huɗu na Asabar ba ƙaramin abu ba ne. Manya da yawa ba su da abota mai irin wannan tsawon rai.

Ƙorafinka a kan wasan yana da tushe. Wanda ya saba da abin da ke ba shi lokacin tunani, aka musanya masa da mai neman saurin yatsa kuma aka bar sunan, yana da ikon cewa bai ji daɗi ba. Kuma ka lura da abin da abokanka ba su lura da shi ba: tsohon yana shigar da mutum huɗu, sabon mutum ɗaya yake shigarwa. Wannan asara ce ta gaske.

Amma su ma ba su yi laifi ba don sun so shi. Masu ƙirƙira suna da damar gwada sabuwar hanya, ko ta yi mana ko ba ta yi ba. Uzurin Ja'afaru na ƙarancin lokaci ba ƙarya ba ne. Maganarsa ta sarauta ta yi zafi, bai kamata ya yi ta a bainar jama'a ba, sai dai ka tuna kai ka fara kiran abokanka 'yan rakiya a gaban mutum ɗari biyu.

Ka ce kada in ce saboda hannun ne. Ka yi haƙuri, zan ce. Ba duka ba, amma kaso mafi girma. Kamfani bai sa ka zare waya ba. Dariyar ranar nan ce ta sa, kuma waɗanda suka yi ta ba su san a kan me suke dariya ba. Ba na jin Lawan zai ambaci kujerar hutu da ya san yatsanka ne ke makara. Mako bakwai kana hukunta mutum uku a kan abin da kai ka ɓoye musu.

Dubi ƙa'idarku, wadda na ga ta fi ta majalisu da yawa kyau: ba a motsi sai an ji ta bakin kowa. Ranar da ka rufe ɗakinka, bakin wa ka ji? Su kuma sun yi nasu motsin ba tare da sun ji naka ba, domin ainihin maganarka ba ta taɓa fitowa ba.

Ga abin da nake so ka yi. Kada ka jira Asabar. Ka je Badawa kafin nan, ka sami Ja'afaru shi kaɗai, ba ta waya ba. Ka miƙa masa hannunka ka nuna masa yadda yatsan yake yi. Ka ba shi haƙuri a kan kalmar 'yan rakiya, ka kuma gaya masa tasa maganar ta yi maka ciwo. Bayaninka na zaure kana iya barin sa, ra'ayinka ne, amma ka cire layin da ya taɓa mutane.

Sannan ku buɗe saitin wasan tare. Da yawa daga wasannin yanzu suna bari a sauya wa maɓallai wuri ko a rage saurin abokan gaba. Wataƙila aikin hagu ya iya komawa dama. In bai yiwu ba, ka kawo shawara a gaban majalisa: Asabar ɗaya ta sabo, ɗaya ta tsoho ko wani wasan dabara. A ji ta bakin kowa, kuma ka shirya karɓar abin da aka yanke.

Hannun kuma ka kai shi wurin likitan gashin ƙashi da motsa gaɓɓai. Ban san abin da zai ce ba, amma mai zane bai kamata ya yi shekara biyu yana ɓoye yatsa ba. Ka gaya wa Sauda ma.

Ba zan yi maka alkawarin za ka so sabon wasan ba, kuma ba dole ne ka so shi ba. Amma sake karanta saƙon Ja'afaru. Mutumin da ke iya wuce ƙofa tashi ɗaya ba ya buƙatar ka don ya ci yaƙin ƙarshe. Ya tsaya ne yana jiranka, kamar yadda rundunarku take yi idan kun tafi sallah. Yanzu motsi naka ne.

Ka je, kuma ka tafi da ganyen shayi da citta, domin har yanzu na wata biyu yana kanka. Allah Ya ba hannunka lafiya, Ya sanyaya zuciyarka, Ya bar ku tare ku huɗu.

Yayarka,
Malama Ameera.