Hannun Lawan Bai Kai Kunne Ba

Lawan ya yi karatu! Ɗanki ya karanta allon ƙofar shagona tun daga farko har ƙarshe, babu wanda ya ɗora masa.

Kin ga ɗoki ya sa na manta sallama. Aminci ya tabbata gare ki, Hauwa'u. Na san wannan takarda ba za ta iso ki ba, amma wa zan fara gaya wa in ba ke ba? Ga shi na rubuta sunanki. Kina 'yar fari, kunya ta hana ni kiransa har kika koma ga Allah. Ashe a takarda bai da nauyi. Suna ne mai daɗi, ni na zaɓa miki shi.

Ƙanenki Habibu yana makarantar horon malamai. Da hutu aka ba shi aikin bincike a kan yadda yaran da ba su isa shiga makaranta ba suke koyo. Da farko ya tara yaran Fagge a zaure yana ta tambaya da tsawa, suka watse suka bar shi. Sai ya riƙa tsallakawa Sabon Gari wurin wata Bayarabiya mai tara ƙananan yara a gindin bishiya. Can ya gane aikin ba tambaya ba ne, zama ne shiru a kalla, a rubuta abin da aka gani ba abin da ake zato ba.

Da ya dawo ya zauna a shagona yana kallon Lawan. Mu mun ɗauka ɓarnar allina na ɗinki yake yi a ƙyallaye. Ashe baƙaƙen da nake bita bayan na taso daga ajin yaƙi da jahilci, su yake kwaikwaya a bayana. Habibu ne ya lura, ya kai shi gaban allon ƙofa, yaro ya buɗe baki. Na yi dariya har rawanina ya kwance.

Amma Hauwa'u, ba su ɗauke shi a makaranta ba. Kin san yadda ake ɗaukar yara elementare: a ce yaro ya ɗora hannu ta bisa kai ya taɓo kunnensa. Tun ƙyandar da ya yi bayan rasuwarki jikinsa bai ƙaru ba. Bara hannun bai kai ba, bana ma haka. Na gan shi yana karkatar da wuya, yana miƙa yatsu har idonsa ya kawo ruwa. Na roƙa a ba shi takarda ya karanta, aka ce layi da tsawo.

Habibu ya rubuta a bincikensa cewa tsawon hannu bai nuna hankalin yaro. Malamansa sun yaba, sun ba shi sakamako mai kyau, takardar tana can a ajiye. To, yabon ya shigar da Lawan aji? Baɗi za su duba haƙoransa su ce ya wuce shekarun shiga. Ubansa ya aiko, bayan girbi zai zo ya tafi da shi ƙauye kiwo. Me zan ce masa? Ɗansa ne. Ni kuwa karatuna bai wuce littafin farko ba, kwanan nan yaron zai cinye abin da na sani, ido kuma ya fara yi mini hazo.

Duk da haka ban iya ɓoye farin cikina ba. Na aika Kwaciri wurin gwaggonninki, na aika Rijiyar Lemo, na gaya wa maɗinkan layinmu da 'yan ajinmu. Na ce ranar Juma'a bayan an sauko masallaci kowa ya zo ƙofar shago. Su zo su gani da idonsu tun yana nan.

Allah ya haskaka kabarinki.

Mahaifinki,
Isiyaku maɗinki, Fagge