Zaninki Mai Tabon Fenti

Zuwa ga Kakata, takwarata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta jika ga kakarta, ina fatan kina kwance cikin rahamar Ubangiji. Ni ce Ummi, daga Doha, garin da ba ki taɓa gani ba.

Na rubuto ne don wani abu ya faru a makaranta, kuma ba ni da wanda zan faɗa wa. Kin san ni da nauyin baki. Shekarata biyu a nan, amma har yanzu kujerar baya nake zama a motar makaranta, in ɓoye fuska cikin littafin soyayya har mu iso unguwarmu, Abu Hamour.

Kwanakin baya malamarmu ta kai mu gidan adana zane-zane. Ta ce lokacin da masu zanen zamani suka fara a Turai, dariya ake musu. Wasu mata ne suka buɗe 'yan shaguna, suka rataye aikinsu, suka yi ta lallashin masu saye. Yau sunan mai zane yana jikin bango, na wanda ya saya ma yana nan, na matan kuwa babu. Ta ce kowa ya kawo labarin mace ɗaya irinsu.

Ni dai ke na gani, Kaka.

Na tuna hirarki a tsakar gida a Zariya, kina tsintar shinkafa. Kina dillancinki gida-gida da huluna da zannuwa, sai ɗalibai masu koyon zane suka fara tare ki a hanya, don babu mai kallon aikinsu. Ki lulluɓe zanen da zani, ki ɗora a ka, ki shiga gidajen malamai da na baƙi, inda saurayi ba zai wuce bakin ƙofa ba. In matar gida ta yatsina fuska, sai ki jingine shi a bango ki ce, "Bar shi ya kwana biyu, in bai yi miki magana ba zan zo in ɗauka." Kin ce sau ɗaya tak kika koma ɗauka.

Da na gaya wa Abba, sai ya ce in ce ke 'yar kasuwa ce, khalas, wato shi ke nan. Wai 'yan ajinmu ba su san dillaliya ba, kuma ina shaida? Ba hoto, ba takarda.

A kicin na samo shaidar. Shuɗin zaninki ne, wanda Umma ta naɗo tangaran a ciki lokacin tahowarmu, har tana shirin yanka shi tsumma. Duk jikinsa tabon fenti ne, ja da kore da ruwan ɗorawa, saboda ɗaliban nan ba sa jira aiki ya bushe. Da ƙyar ta bar mini.

Na tsaya a gaban aji, na warware shi, na ba da labarinki. A littattafan da nake karantawa, a nan ne ake tafi, wani ya kalle ki ya yi murmushi. Ba a yi ba. Rabin ajin agogo suke kallo. Amma malama ta matso ta shafa tabon da yatsa, ta miƙo mini alƙalamin allo, ta ce in rubuta sunanki.

Kaka, ban taɓa jin an kira sunanki a gidanmu ba. Abba ba zai iya furta sunan mahaifiyarsa ba, shi ya sa da aka raɗa mini shi aka koma ce mini Ummi. A makaranta kawai ake kirana da shi, kuma kullum sai in ji kamar wata ake nema. Na rubuta Rakiya da manyan baƙaƙe. Wata yarinya ta yi dariya, wai sunana na rubuta. Na ce naki ne, ni aro aka ba ni.

Kafin darasin lissafi an goge allon. Na dawo gida a kujerar baya, kamar kullum, zanin a cinyata.

Na rataye shi a falo, kusa da taga. Umma ta yatsina fuska, ta ce tsumma a ɗakin baƙi? Na ce ta bar shi ya kwana biyu. Yau kwana tara. Jiya na ga Abba tsaye a gabansa da makullin mota a hannu, har ya makara wajen aiki.

Allah Ya jiƙanki, Kaka, Ya haskaka makwancinki, Ya kira ki da sunanki cikin bayinSa nagari. Amin.

Jikarki mai kewarki,
Rakiya ƙarama