Takalman da Ummi Ke Biya wa Karatu

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da ladabi irin na ɗiya ga uwa, na san takarda ba ta isa inda kike, addu'a ce ke isa. Amma shekara shida ke nan da rasuwarki ban sami wanda zan faɗa wa magana ba tare da na yi mata kwalliya ba.

Jibi Litinin zan mayar da takwararki, Ummi, makaranta, bayan shekara biyu ina koyar da ita a gida. Tun da tela ya kawo kayan makarantar nake ta ƙirga kwanaki. Tsoro nake ji, Inna, mai yawa.

Kin bar ta tana da shekara uku, ba ki ga ranar da na cire ta daga makaranta ba. Wata Talata da hantsi jita-jita ta cika gari wai an ga masu satar mutane kusa da makarantu. Daga unguwarmu ta Minanata na hau babur ɗin kabu-kabu, takalmina ƙafa ɗaya nawa, ɗaya na babanta. Na tarar da iyaye suna turereniya a ƙofa, kowa na kiran sunan nasa. Kusan awa guda ina neman Ummi kafin a same ta a bayan tankin ruwa, ta toshe kunnuwanta. Da yamma aka tabbatar ƙarya ce, ba a ga kowa ba. Kowa ya mayar da nasa, ni na ƙi.

Kin san halina. Ke ce mai cewa, "Ke dai ko inuwarki tam motsa sai kin yi salati."

To sai ga shi binciken digirina na uku a kan wannan abin ne: iyayen da ke koyar da 'ya'yansu a gida a ƙasashe daban-daban, me doka ta ce musu, me ya tura su, kuma yaya suke yi. Na karanta har idona ya nemi tabarau. A Jamus an hana. A Amurka kowace jiha da nata ƙa'idar, a Faransa sai an ba ka izini, a Afirka ta Kudu sai ka yi rajista. Tamu dokar ta wajabta wa iyaye karatun farko na yaro, amma ba ta fito fili ta yi maganar irina ba, sai na fake a wannan shirun. Dalilan iyaye kuwa, wani addini ne, wani ya raina koyarwar makaranta, wani ana cin zalin ɗansa. Idan aka tambaye ni nawa dalilin, sai in gyara zama in ce gado na yi, mu a gidanmu na Hubbare uwa ce makarantar farko. Da sunanki na yi ta rufe bakin mutane, har baban Ummi.

Na san ba haka kika yi ba.

Ina tuna tsakar gidanki bayan la'asar. Ni da ƙannena muna kan tabarma kina koya mana karatu, amma ba mu taɓa zama mu kaɗai ba. Ga 'ya'yan maƙwabta, ga matan da ke taho da goyo daga Ƙofar Kware, ga tsohuwar nan mai sayar da daddawa da ta fara koyon baƙi tana da jikoki. Takalma kan taru a bakin zaure har mai shigowa ya rasa inda zai taka. Ran da na tura ƙyaure don surutu ya dame ni, ba ki ko ɗaga kai ba kika ce, "Wa yar ruhe ƙohwag ga? A buɗe, ɗiyan mutane na tahe."

Sannan ga dokarki: duk wanda ya ɗauki karatu ba ya tashi sai ya biya wa na ƙasa da shi. "Karatun da ba ki biya ma wani ba aro na, ba naki na ba." Wannan dokar kam na ɗauko ta, na koya wa Ummi ita tun ranar farko. Ƙofar ce ban ɗauko ba. Tawa kwaɗo biyu gare ta.

Masu bincike a ko'ina suna da tambaya ɗaya da suke ta ja a kai: yaron da ke karatu a gida, da wa yake hulɗa? Na sha tsayawa gaban malamai ina kare iyaye a kanta, da hujjoji, har ana jinjina mini. Da malamin da ke duba aikina ya ce in ƙara babi a kan Sakkwato, sai na tsara takardar tambayoyi, na ware shafi guda na yara. A ciki akwai inda aka ce yaro ya rubuta sunayen abokan karatunsa.

Makon jiya na ga Ummi ta ɗauki guda ta cike da fensir. Ta rubuta Asiya, Rabi, Hadiza da Ƙaramar Hadiza. Ban san ko ɗaya ba. Gabana ya faɗi, don ni ba abin da ya zo mini sai cewa wasu ke yi mata magana ta katanga. Ban tambaye ta ba, na sa ido.

Washegari bayan la'asar, da muka gama lissafi, ta ce za ta je ta biya. Kullum haka take cewa, ni kuma kullum ina kan kwamfuta, na ɗauka bita take nufi. Na bi ta a hankali zuwa bayan ɗakin girki. Inna, takalmanta ne. Ta jera su ƙafa bibbiyu a gindin bango, ta zauna a gabansu da ɗan allonta tana biya musu. Ta yaba wa Asiya, ta yi wa Rabi faɗa don ba ta mai da hankali. Ƙaramar Hadiza silifas ne da suka yi mata kaɗan tun bara. Har shiru take yi, ta ba su lokacin amsawa.

Na koma ɗaki. Na ji tsoron da ya fi na ranar Talatar nan, domin wancan na waje ne, wannan kuwa ni na kawo shi da hannuna. Yarinya mai shekara tara ta riƙe dokarki shekara biyu, ba ta da ɗan Adam ko ɗaya da za ta cika ta a kansa.

Da na faɗa wa babanta, bai ce ai na faɗa miki ba, ko da yake ya faɗa. Tashi kawai ya yi ya je ya nemo mata gurbi.

Ba zan ce miki tsoron farko ya tafi ba. Yana nan. Duk babur da ya wuce da gudu sai na miƙe. Ina tsoron wata jita-jitar, ina tsoron ranar da ba jita-jita ba ce. Ina kuma tsoron ta shiga cikin yara ta rasa yadda ake fara magana da wanda ke mayar da amsa. Ban ce koyarwa a gida laifi ba ce, na karanta labarin waɗanda suka yi ta da kyau, kuma a hannun wadda ta fi su na tashi. Tawa ce ta zama kulle. A shafin dalilai na takardar tambayoyin nan na rubuta nawa da gaskiya: tsoro.

Ki yafe mini sunanki da na ara, Innata.

Ɗazu na shimfiɗa mata kayan a kan gado, da sabon takalmin da babanta ya sayo. Ta daɗe tana kallonsa. Sai ta tambaye ni a hankali ko za a bar ta ta sa Asiya ranar farko, don kada ta je can ba ta san kowa ba. Na ce za a bari. Na goge su da kaina.

Allah Ya jiƙanki, Ya haskaka kabarinki, Ya sa duk baƙin da kika koya wa wani ya zame miki haske. Allah Ya tsare Ummi da 'ya'yan mutane baki ɗaya, a hanya da cikin aji. Ni kuma Ya ba ni ƙarfin sakin hannunta a bakin ƙofa, in juya ban bi ta ba.

Ɗiyarki mai yawan salati,
Balkisu