Sunan da Inna Ta Ƙi Faɗa

Fulatan, Rogo
Alhamis, 18 ga Afrilu

Zuwa ga Dakta Abdussalam, mai duba marasa lafiya kyauta duk Laraba a zauren gidansu da ke Tudun Kaya.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, wadda na yi don addini ya ce a yi, ina fata kana lafiya da iyali. Sunana Bahauddeen, ɗan Barira ta Fulatan da aka kawo muku jiya. Na zo da kaina yau na tarar da zauren a kulle, aka ce sai wata Larabar. Gara da aka yi haka, don bakina ya fi alƙalamina zafi.

An ce kai malami ne a Kano, kana koya wa likitoci fanni biyu a haɗe, ciwon cikin jiki da ciwon ƙwaƙwalwa. To ɗalibinka Lukman ko ɗaya bai samu ba. Inna ta je da kasala da jin sanyi ana tsakiyar zafin bazara. Ya tambaye ta sunan mijinta, ta sunkuyar da kai. Ya tambaye ta sunan ɗanta na fari, ta kalli bango. Shi ke nan ya rubuta mata ciwon mantuwa a kati. Likita, a wane gari aka yaye shi? Ni ne ɗan farin. Shekarata ashirin da bakwai ban taɓa jin sunana a bakinta ba. "Wancan" take ce mini, in ta ji daɗina ta ce "yaron nan". Ko kazar Fulatan ta san mace ba ta faɗar sunan miji da na ɗan fari.

Aji huɗu na tsaya a firamare, sauran karatuna a takardar ƙunshin ƙosai da tsofaffin littattafan kasuwar Rogo na yi shi. Amma na karanta cewa mai mantuwa ba ya tuna abin da ya ci da safe. Inna kuwa har yau tana lissafa matan da ba su zo mata barka ba ranar sunana.

Ga inda abin ya ɓaci. Matar Baffana Ɗantala ce ta raka ta, a kunnenta aka faɗa. Tun rasuwar mahaifinmu muke rigimar iyakar gona da Baffan, kuma Inna kaɗai ta rage cikin waɗanda suka ga an kafa iyakar. Dagaci zai saurare mu Asabar ɗin makon gobe, kafin ruwan shuka. Yanzu Baffa majalisa-majalisa yake bi yana cewa likita ya ce kanta ya juye. In aka ture shaidarta, rabin gonar gyaɗarmu ya tafi.

Ka gyara abin da yaronka ya ɓata. Wassalam.
Bahauddeen

Kano
Lahadi, 21 ga Afrilu

Malam Bahauddeen,

Wa'alaikumus salam. Ina gaida Inna da jiki, Allah ya ƙara sauƙi. Wasiƙarka ta iso ta hannun direban motar Rogo, da sauran zafinta.

Kana da gaskiya, kuma laifin nawa ne. Doka ce a wurinmu babu katin da zai fita sai na gani, ranar kuwa aka kawo wani a sume na bi ta kansa. Dakta Lukman a Fatakwal ya tashi, inda mahaifiyarsa ke ƙwala masa kira da cikakken sunansa daga bakin titi. Ni ɗan fari ne a Tudun Kaya, sai a makaranta na tabbatar sunana Abdussalam. Na karanta masa wasiƙarka, har wajen kazar. Bai ci abincin rana ba.

Sai dai kada fushi ya rufe mana ido. Ya rubuta cewa maganarta ta yi nauyi, fuskarta ta ɗan kumbura, fatarta ta bushe. Wannan bai yi kuskure ba. Abin da ya sa muke koyar da fannonin nan a haɗe ke nan: sau da yawa ciwo yana cikin jiki, amma a kai ake fara ganin alamarsa. Ka kawo ta Laraba in duba ta da kaina, mu ɗebi jini. Ka zuba duk maganin da take sha a leda ka zo da shi. Mutum mai karatu irinka, na san ba ka zauna haka ba.

Ka huta lafiya.
Abdussalam

Fulatan
Lahadi, 28 ga Afrilu

Likita,

Assalamu alaikum. Gaisuwar yau ta gaske ce. Ya iyali, ya ɗalibai?

Tukuna, ban yafe yadda ka zazzage ledata a gaban ɗalibai ba. E, kwalba shida ce ta maganin ƙarin jini, ni na yanke mata ƙarancin jini daga wani littafi da babu bangonsa. Ba sai ka jera su a tabarma kana tambayar a wace jami'a na gama ba. Amma Lukman ya burge ni da ya durƙusa ya ba ta haƙuri. Dabarar da ka ba shi ma ta yi, wato ta kirga 'ya'yanta daga auta zuwa sama. Bushra, Mu'az, Sadiƙa, Safara'u, sannan ta nuna ni da haɓa ta ce, "Sai mai bakin nan." Har kai ka yi dariya, na gan ka.

Jiya aka zauna. Baffa ya fara da zancen kati, magatakarda ya karanta takardar da ka ba mu ta soke katin, dagaci ya ce shi ma gyatumarsa har ta koma ga Allah ba ta kira sunansa ba, ko ita ma a rubuta mata? Inna ta ce ba ta iya dogon zance ba, a je gonar. Haka muka bi ta a hankali, ita da lulluɓinta biyu cikin wannan rana. Daga tsamiya ta kai mu suri, ta ƙara taku kaɗan ta ce a tona. Kamu biyu aka ci karo da fasasshen dutsen niƙa. Ta ce na surukarta ne, shi aka binne shaida. Baffa ya ce shi bai san da wani dutse ba. Ba ta ko ɗaga murya ba ta ce:

"Kai ka ɗauko shi, Ɗantala. Ya suɓuce ya faɗa maka a babban yatsa. Ni na ɗaure maka."

Likita, mutum talatin suka kalli ƙasa lokaci guda. Yatsan nan har yau ba farce. Baffa ya ja ƙafa ya cusa ƙarƙashin riga, dagaci ya juya baya kafaɗunsa na rawa. An kafa shingen bini-da-zugu a kan iyakar kafin la'asar. Da yamma Inna ta aika wa Baffan da fura, ni ta hana ni cewa komai, wai na yi na shekara.

Saura abu biyu. Me jinin ya nuna? Kuma me ya sa ka fitar da ni waje ranar? Me aka yi a bayana?

Naka,
Bahauddeen

Kano
Alhamis, 2 ga Mayu

Malam Bahauddeen,

Wa'alaikumus salam. Barka da arziki, a gaida Baffa da yatsa.

Jini ya nuna abin da na zata. Akwai wata 'yar tsoka a maƙogwaro, wadda in ta kumbura ake cewa maƙoƙo. Tata ba ta kumbura ba, aiki ta rage, shi ya kawo sanyin da nauyin bakin. Ga ƙwayoyi nan, ɗaya kowace safiya kafin karin kumallo. Kwalabenka a huta da su. Bayan mako shida mu sake auna ta.

Ɗalibaina suna roƙon ka riƙa zuwa Laraba kana faɗa musu abin da littafi bai faɗa ba. Kai ka koya musu mutane, ni in ba ka littafi mai bango.

Fitar da kai kuwa, ba ni na so ba. Cikin gwajin mantuwa akan ce mutum ya rubuta jimla ɗaya, duk wadda ya ga dama. Ita ta ce sai ka fita. Ta rubuta da ajami, ta ce takardar ba tata ba ce, in jefar ko in ba mai ita. Ga ta nan a ninke.

Wassalam.
Abdussalam

Fulatan
Asabar, 4 ga Mayu

Likita,

Salamu alaikum. Na buɗe. "Allah ya shiryi Bahauddeen, ya rage masa baki." Na karanta ya fi sau ashirin. Na je na tsaya mata a ƙofar ɗaki da takardar a hannu, tana tsince gyaɗar iri. Ko ɗagowa ba ta yi ba ta ce, "Wancan, matsa, ka tare mini haske."

Ina nan zuwa Laraba. Ka dubi tsawon wasiƙar nan, addu'ar ta fara ci.

Bahauddeen