Matacciyar Fankarka

Baban Auta,

Matacciyar fankar nan da ka ɗora a saman sif ta rikito wa Auta a ka da safe. Goshinta ya tsage, jini har cikin ido, ɗinki biyar. Shekara nawa ina cewa a rage kayan nan, kana cewa za a gyara?

Da muka dawo daga asibiti na ɗauki taɓarya. Fankar, rediyoyi uku, talabijin marar hoto, duk na ragargaza su. Gado da tabarma kawai na bari.

Mun koma asibiti karɓar allura. Tarkacen na ƙofar gida, mai sayen ƙarafa zai kwashe da la'asar. Ko ƙusa ɗaya kada ka mayar ciki. In hannunka na ƙaiƙayin gyara, zo ka gyara mata goshi.

Maman Auta