Na gane hannun da ya ɗauki bidiyon kifina

Assalamu alaikum 'yan gida. Admin ka ɓoye sunana, duk da na san rabinku kun riga kun ga fuskata, tunda a nan gidan ma an yaɗa bidiyon. Don Allah ku ba ni shawara, amma mai shirin ce min in yi haƙuri ya riƙe abinsa, an ba ni ya ishe ni.

Ni ce matar da aka ce tana fesa wa kifi fiya-fiya, maganin kashe ƙwari. A Gomari nake, shekara shida ina saro banda a kasuwar Baga Road ina turawa Kano da Abuja, da wannan sana'ar nake riƙe da 'ya'yana huɗu. Abin da kuka ga ina fesawa man gyaɗa ne da garin barkono, haka mahaifiyata take yi tun muna ƙauye kafin rikici ya koro mu, a shafe kifin, a mayar da shi kan hayaƙi, ƙwaro ba ya kusantarsa. Ita da hannu take shafawa, ni kuma don barkono yana cin fatata sai na sayi robar feshi irin ta masu aski. Laifina ke nan. Aka ɗauke ni ban sani ba, aka cire murya aka sa kiɗa, aka rubuta wai ga mai kashe mutane a Maiduguri. Kwana biyu kacal oda ta tsaya cak. Wata a kwament ta ce Allah Ya ƙona ni, wani ya ce dama kifina ne ya sa wa kakarsa ciwon ƙoda. Malam, ni ko sunan garinku ban taɓa ji ba! 'Yata ta dawo daga Islamiyya tana kuka, wai ana kiranta 'yar mai guba.

Na kalli bidiyon nan ya fi sau hamsin. Kusa da ƙarshe hannun mai ɗauka ya shigo yana ɗaga murfin kwali, da jan lalle har wuyan hannu, da zobe a babban yatsa. Wallahi nan take na gane hannun. Ni da mai hannun tare aka yi mana lallen nan, tabarma ɗaya, ana gobe bikin ƙanwarta. Bari in kira ta Yagana. Maƙwabciyata ce, ni na kai ta kasuwa, na nuna mata yadda ake gane kifin da ya bushe har ciki, na haɗa ta da direbobin tasha. Na shiga gidanta na nuna mata hannun, ta ce lalle ai kowa na yi. Na ce zoben fa, sai ta ce ita da wasa ta tura wa mutum ɗaya, ba ta san zai fita ba. Na ce wasa ne ya rubuta mai kashe mutane? Sai ta miƙe wai kada in yi mata ihu a ɗakin mijinta. Munafuka, ko kunya babu, a satin nan kwastomomina uku sun koma wurinta.

To ga inda na maƙale. Ina da saƙon murya da ta turo min bara da damina, tana ce min in daina wahala da barkono, in sa fiya-fiya kaɗan kamar yadda take yi, wai ba ya komai. Muryarta ce tar. In na sake shi yau, gobe ta gama sana'a. Maigidana ya ce kul, in kai wa shugabannin kasuwa su sasanta, don in maganar ta fita duk masu banda za ta shafa. Su sasanta me? A ofis za a ba ni haƙuri, su kuma dubban da suka tsine min wa zai bi su gida-gida? Amma gaskiyar da ban faɗa wa ko shi ba, bayan wannan saƙon na ci gaba da tura mata mutane duk sanda kayana suka ƙare. Na san abin da take sawa, na yi shiru don maƙwabtaka. In na saki muryarta dole a tambaye ni tun yaushe na sani.

Hajiyar da ke da gidan abinci a Abuja, ita ce babbar mai sayen kayana, ta ce in wanke kaina kafin Juma'a ko ta sauya wuri. In ta tafi na rufe.

In saki saƙon in tona kaina tare da ita, ko in bar sunana a haka? Ku da kuka yaɗa ba ku tambaya ba, yau ina tambayarku. Kuma kafin wani ya ce in duba zumunci, ku sani ranar da ta ɗauki bidiyon a gidana ta ci abincin rana. Da wannan hannun mai lalle ta ci tuwo da miyar kifin, har ta ce in ƙulla mata saura ta kai wa 'ya'yanta.