Kabarin Hure

Tofa,
Ranar Laraba.

Zuwa ga ɗana Jamil,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da maiɗakinka. Ya gajiyar ruwa? Mu nan sai godiya, gero ya fara fid da kai. Yayarka Ramlat ke rubutu, ni ke faɗa, na kuma hana ta rage ko kalma ɗaya.

Ta nuna mini hotunanka a waya. Ashe jirgin ruwa ke yawo da kai gari-gari don ka kalli kufan Rumawa. Kufai fa, Jamil! Abin da mu nan akuya ke kiwo a ciki. Na ga ginshiƙai ba rufi. Na gan ka ka tuɓe hula a ƙofar cocinsu, wai haka al'adar wurin take. Madalla, ashe ka iya ladabi.

Ka ce wata tsohuwa ta koya maka yadda suke kai wa matattunsu fure. Ka ce ka ga sunan wata mata a dutse, shekara dubu biyu bai goge ba, har ka yi kuka. Shi ne kake roƙo in nuna maka kabarin uwarka Hure, ka kafa mata irin wannan dutsen.

Bari in tuna maka, tunda ni ba na mantuwa. Kwana ashirin da uku ta yi kwance tana jinya, tana kallon ƙofa ko za ka shigo. Ka ce aiki ya riƙe ka. Damina uku ke nan da rasuwarta, ko ta'aziyya ba ka tako ba.

Ramlat mace ce, ba ta bi gawa ba. Iliyasu da ya haƙa ramin ya rasu bara. Sauran mutanen gari kuwa, ko kabarin ubansu suke nema, ni suke tambaya. Alamar kabarin uwarka ɗaya ce, fasasshen tulunta da na kifa a wajen kai. Jiya da na ji saƙonka na je na ɗauke shi, na baje wurin da fartanya.

In ka zo, maƙabarta ba ta da ƙofa. Kabari ya fi ɗari huɗu. Zaɓi wanda ya yi maka, ka kafa dutsenka, ka yi kukanka. Duk wadda ka dace da ita a ciki, ɗanta ya zo jana'izarta.

Ka gai da maiɗakinka. Allah ya fid da ku tudu lafiya.

Ni ne mahaifinka,
Badaru.